Tsofaffin Zane-zanen Littattafan Tatsuniya: Kayan Kowa Ba Kayan Banza Ba Ne

Ranar 1 ga Janairun 2024 zane-zanen Edmund Dulac suka fita daga hannun magadansa a duk ƙasar da ke lissafin haƙƙin mallaka da shekara 70 bayan rasuwar mai aikin. Dulac haifaffen Tulus ne a Faransa, a Landan ya yi sana'arsa, ya rasu a 1953. Na Arthur Rackham, mai zane ɗan Ingila, sun riga su fita tun 2010. Na Gustave Doré ɗan Faransa kuwa har an manta cewa sun taɓa zama mallakin wani. Yau duk mai kwamfuta da injin bugu yana iya ɗaukar waɗannan hotuna ya sa a littafin yara, ko kalanda, ko gaban riga, ba mai kai shi kotu. Wannan abin murna ne. Yadda ake ɗaukar tasu ne abin takaici. A sauko da hoto daga intanet wanda wani ya kwafa daga wani, shi ma daga wani, a datse sunan mai zanen daga gindinsa, a ja shi da ƙarfi ya cika shafi har fuskar gimbiya ta koma kamar faifai, sannan a buga shi a takardar da ba za ta iya ɗaukarsa ba. A ganina doka ta yafe kuɗi ne kawai, amana tana nan. Mai son sake buga tsohon zane ya wajaba ya san yadda aka yi shi tun asali, ya fito da shi yadda yake, ya kuma faɗi mai shi.

Daga rashin sanin yadda aka yi shi duk ɓarnar take tasowa. Abin da muke yi wa kuɗin goro mu ce “tsohon zane” sana'o'i ne daban-daban, kowace da kayan aikinta da irin takardar da take so.

A ɗauki Doré. A 1862 maɗaba'ar Hetzel ta birnin Faris ta fitar da tatsuniyoyin Charles Perrault, marubuci ɗan Faransa, da zanen Doré. Doré ba takarda yake miƙa wa maɗaba'a ba. A kan guntun katako yake zane, na wani itace mai tsananin tauri da ba ya saurin girma, wanda ake yankawa a gicciye kamar yadda ake yanka rake gunduwa-gunduwa, a goge fuskarsa ta yi sumul. Da yake gangar jikin itacen ba ta da kauri, idan ana son hoton da zai cika shafi sai an haɗa guntaye da yawa an ɗaure su ta baya. Shi ya sa a wasu bugun mai lura zai hango wani siririn farin layi ya ratsa hoton, nan ne mahaɗar. Idan Doré ya gama, sai masassaƙi ya karɓa da ɗan ƙarfensa mai tsini, ya riƙa ƙwaƙule duk inda ake so ya fito fari. Abin da ya rage a tsaye shi ke ɗaukar tawada. Saboda haka babu ruwan toka ko ɗigo ɗaya a cikin hoton, baƙi ne da fari kurum. Duhun daji, da inuwar labule, da hasken fitila, duk da layuka aka yi su: masu kauri a matse su ba da duhu, sirara a wawware su ba da haske. Kuma don kada katakon ya tsage a ƙarƙashin injin, akan ɗauki kwafinsa da tagulla a yi bugu da kwafin, a ajiye na asali.

Ka dubi hoton nan nasa da ya fi shahara, na yarinya mai jar hula kwance a gado ɗaya da kyarkeci. Kyarkecin ya sa hular barcin kaka mai tattara a baki, ya ɗora ƙafafunsa na gaba kan mayafi. Yarinyar ta ja mayafin zuwa kafaɗarta, ta zaro ido tana kallonsa, ba ta riga ta yi ihu ba amma zuciyarta ta fara gaya mata gaskiya. Duk wannan tsoron a cikin 'yan layukan da ke kewaye da idonta yake. Idan layukan suka narke suka haɗe, abin da zai rage shi ne yarinya da kare a gado. A kusurwoyin ƙasan irin waɗannan hotuna akwai sunaye biyu, na Doré da na masassaƙin, irin su Pannemaker da Pisan. Mai datse gefen hoto don ya dace da shafinsa mutum biyu yake shafewa a lokaci guda.

To yaya layukan ke narkewa? Mutum ya sa shafin a sikana, ya ɗauke shi a matsayin hoto mai ruwan toka, ɗigo 300 a kowane inci, ya ajiye shi a nau'in fayil na JPEG. A maɗaba'a, na'ura ta ga ruwan toka sai ta farfasa shi ɗigo-ɗigo, domin haka take buga duk abin da ba baƙi wuluk ba. Kowane siririn layi sai ya koma jerin ɗigogi masu gashi-gashi a gefe. Maganin ba shi da tsada. A ɗauki zanen layi da ɗigo 1200 a inci. A mayar da shi baƙi da fari zalla, ana matsa ma'aunin a hankali ana kallon wuri mafi duhu da wuri mafi haske: idan duhun ya toshe an wuce gona da iri, idan siraran layuka sun fara tsinkewa ba a kai ba. A ajiye shi a nau'in fayil na TIFF, domin JPEG matse hoto yake yi yana barin dauɗa a gefen kowane layi. A wajen bugu a tabbatar baƙar tawada kaɗai ce za ta hau. Idan aka bar baƙin ya zama haɗin launi huɗu, da zarar farantin da ke buga launi ɗaya ya goce ko da kaurin gashi ne, sai ka ga kowane layi da inuwar ja ko shuɗi a gefensa.

Masu launi ma akwai waɗanda da katako aka yi su. Walter Crane ya yi aiki da wani gwanin bugu mai suna Edmund Evans, suna fitar da ƙananan littattafan yara da ake sayarwa sisi, sisin nan dai da kakanninmu suka kashe, manyan kuma sule. Kowane launi da katakonsa, takarda ɗaya ta bi ta ƙarƙashin injin sau da yawa. Crane ya san haka, don haka yake zana layi mai ƙarfi ya cika tsakaninsa da launi shimfiɗaɗɗe marar tabbare-tabbare. A Rasha, Ivan Bilibin ya fara zanen tatsuniyoyin ƙasarsu a 1899, kuma ma'aikatar gwamnati da ke buga takardun kuɗi ce ta buga su, da dabarar bugu ta kan dutse, shi ma launi bayan launi. Irin waɗannan ba su cika ba da wahala wajen sake bugu ba.

Ba nan gizo ke saƙa ba. Yana saƙa ne a manyan littattafan kyauta na Ingila daga 1905 zuwa yaƙin duniya na farko, waɗanda su ne aka fi wawaso yanzu. A 1905 kamfanin Heinemann ya fitar da labarin Rip Van Winkle da hotunan Rackham masu launi 51. A 1907 Hodder & Stoughton suka fitar da wasu hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya da hotunan Dulac 50. A 1914 suka sake fitar da tatsuniyoyin Norway da hotuna masu launi 25 na Kay Nielsen ɗan Denmak. Abin da ya sa wannan ya yiwu sabuwar dabara ce. Mai zane ya yi aikinsa a takarda da tawada da fentin ruwa, sai a ɗauki hotonsa da kyamara sau uku, kowane ta cikin gilashi mai launi daban: ja, kore, shuɗi. Kowane ɗauka yana bi ta wata raga mai ƙananan idanu wadda ke farfasa hoton ɗigo-ɗigo, kusan layi 150 a inci a bugu mai kyau. A ci farantan ƙarfe uku da asid, a buga ɗaya da rawaya, ɗaya da ja, ɗaya da shuɗi, wani lokaci a ƙara na huɗu da baƙi. Ido ne ke haɗa ɗigogin ya ga sararin samaniyar Dulac mai taurari.

Ɗigogi masu ƙanƙanta haka ba sa zama a takarda mai kaushi. Sai takarda mai santsi wadda aka shafe da wani farin yumɓu. Rubutun littafin kuwa a takarda mai kauri marar sheƙi ake buga shi. Don haka sai a buga hotunan daban, a yanka, a manna kowane da hannu a kan wata takarda mai kauri, da ɗan gam a gefe ɗaya ko a kusurwa, a lulluɓe shi da siririyar takarda mai shara-shara wadda take ɗauke da jimlar da hoton ke bayani. Littafi mai hoto 50 yana nufin hannu ya manna sau 50 a kowane kwafi. Rackham ya fahimci raunin dabarar sarai. Farantai uku ba kullum suke sauka daidai a kan juna ba, don haka ya riƙe layin tawadarsa da ƙarfi ya zama shingen da ke ɓoye gocewar launi, ya kuma zauna a kan launuka masu sanyi, ruwan ƙasa da toka-toka da kore mai duhu. Dulac ya fi sakin jiki da launi, layinsa ya fi laushi, shi ya sa nasa hoton ya fi saurin lalacewa a hannun wanda bai iya ba.

Ga abin da ke faruwa idan aka sake buga irin wannan hoto kai tsaye. Hoton ya riga ya zama ɗigogi a jere. Injin zamani zai ɗora nasa jerin ɗigogin a kai. Duk wanda ya taɓa haɗa gidan sauro biyu ya hango haske ta cikinsu ya ga wasu igiyoyi suna rawa kamar ruwa. Wannan ne ke fitowa a fuskar gimbiya da sararin sama, kamar an shimfiɗa tabarma a kan hoton. Ba laifin maɗaba'a ba ne, tun a sikana aka shuka shi. Gyaran shi ne a ɗauki hoton da ɗigo 600 a inci ko fiye, a ɗan dusashe shi kaɗan-kaɗan har ɗigogin su narke cikin juna, a tsaya da zarar sun ɓace, sannan a rage shi zuwa 300 a girman da za a buga, a ɗan ƙara masa kaifi. Kada a buga shi ya fi girmansa na asali, domin bayan ɗigogin babu wani abu da ya ɓuya da zai fito. Lissafin ma mai sauƙi ne: shafin A5 cikakke, wato rabin takardar A4, yana buƙatar fiksel (ɗigon hoton kwamfuta) 1748 a faɗi da 2480 a tsawo. Hoton da aka tsinto mai faɗin fiksel 800, iyakarsa ƙasa da santimita 7. Wanda ya bi ta WhatsApp kuma an riga an matse shi an zubar da rabin ransa.

Yanzu an samu masu cewa ai manhajar ƙirƙirarriyar basira tana ƙara wa hoto girma. Tana ƙarawa, amma da ƙage. Inda ba ta ga layi ba sai ta ƙirƙiro wanda take zaton ya dace. Saiwar bishiyar Rackham da ke da ɓoyayyar fuska a jikinta ta koma saiwa kawai, ko kuma a sami fuska inda bai sa ba. Ga kuma hotunan da manhajar ta haifa ɗungurungum “a salon Rackham” suna yawo da sunansa. Hanyar tantancewa ɗaya ce, a nemo littafin, da shekarar bugu, da shafin. Hoton da ba a san littafin da ya fito ba, a bar shi inda aka gan shi.

Gyaran launi ma wuri ne da ake yawan yin kuskure. Tsohuwar takarda takan yi rawaya, musamman wadda aka yi da niƙaƙƙen katako mai tsami a jikinta. Sai mai gyara ya danna maɓalli guda ya faranta komai, ya kwashe har da ruwan ƙasan da Rackham ya shafa da gangan. Wani kuma ya bar rawayar tsufan ya ƙara mata, wai don a ga “na da” ne. Mizanin yana gefen hoton. A duba farin bakin takardar da tawada ba ta taɓa ba, a gyara har shi ya koma fari mai ɗan sirkin madara, duk launin da ya rage a cikin hoton bayan haka na mai zane ne, a ƙyale shi.

Na san abin da ƙaramin mai buga littafi zai ce, kuma yana da gaskiya: takarda mai sheƙi tsada gare ta, littafin yara kuma idan ya yi tsada a kanta yake kwana. Takardar da ake iya saya ita ce mai giram 70 ko 80, marar shafi. Ita kuwa shan tawada take yi, ɗigo ya buɗe, duhu ya ƙara duhu, hoton ya leƙo ta bayan shafi. Idan aka haɗa kason tawadar launi huɗu a wuri ɗaya, mai sheƙi tana ɗaukar jimillar kusan kashi 300, marar shafi ba a so a wuce 260, takardar jarida ƙasa da haka. Daren Dulac a kan irin wannan takarda taɓo yake komawa. Amma mafita biyu ce a buɗe. Ko dai a yi abin da aka yi a 1905, a tara hotuna masu launi a shafi 8 ko 16 na takarda mai sheƙi giram 130 zuwa 150 a ɗinke su a tsakiyar littafin. Ko kuma a zaɓi zanen da ya dace da takardar da ake da ita. Crane ya yi wa tatsuniyoyin 'yan'uwa Grimm na Jamus zanen baƙi da fari a 1882, fassarar 'yar'uwarsa Lucy. H. J. Ford ya cika littattafan tatsuniya na Andrew Lang da zanen alƙalami. Shi kansa Rackham, bayan yaƙi ya karya kasuwar littattafai masu tsada, ya yi littattafai biyu a 1919 da 1920 da hotunan inuwa, baƙi ƙirin a kan fari. Waɗannan ko a takarda mai araha fes suke fita. Talauci ba ya hana tsabta.

Sai batun suna da doka, inda mutane ke ruɗewa saboda agogo ba ɗaya ba ne. A littafi guda ana iya samun haƙƙi uku: na mai labari, na mai fassara ko sake tsarawa, da na mai zane, kowane da ranar ƙarewarsa. Littafin Dulac na 1907 misali ne mai kyau. Hotunan sun zama na kowa a 2024, amma Laurence Housman da ya sake rubuta hikayoyin ya rasu ne a 1959, don haka rubutunsa sai ƙarshen 2029. Ƙasa ma tana sauya lissafi. Amurka shekara 95 take ƙirgawa daga ranar bugu ga tsofaffin littattafai, shi ya sa hotunan Nielsen na 1914 suke a fili a shafukan Amurka. Amma Nielsen a 1957 ya rasu, a Los Anjalis, cikin talauci bayan ya yi aiki da kamfanin Disney, saboda haka a ƙasashen shekara 70 sai 1 ga Janairun 2028. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ita ma shekara 70 take ba aikin zane bayan ƙarshen shekarar da mai shi ya rasu. Ganin hoto a intanet ba izini ba ne.

A ɗaya ɓangaren, ina da ƙorafi a kan wasu ɗakunan karatu da gidajen tarihi da ke riƙe da waɗannan littattafai. Zanen ya zama na kowa, amma sai su ɗauki hotonsa, su saki ƙarami mai tambari a tsakiya, su ce mai son babba ya biya. Kai tsaye su ke ciyar da kasuwar munanan kwafi, domin wanda aka rufe wa ƙofa ta taga zai shiga. A 1999 wata kotun tarayya a Niyok ta yanke hukunci a shari'ar Bridgeman da Corel cewa kwafin hoto na zanen da ya riga ya zama na kowa ba ya haifar da sabon haƙƙi. Tarayyar Turai ta sa irin wannan a dokarta ta 2019. Wasu cibiyoyin sun riga sun nuna hanya: Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ya saki hotuna sama da miliyan ɗaya daga tsofaffin littattafai a shafin hotuna na Flickr a ƙarshen 2013, gidan tarihi na Metropolitan da ke Niyok ya saki 375,000 a 2017. Shafin Internet Archive kuma yana da cikakkun littattafai shafi bayan shafi, kuma nan ya kamata mai nema ya fara, ya sauko da fayil mafi girma, ba ɗan hoton da ke saman shafi ba. Biyan ladan wanda ya ɗauki hoto daidai ne. Karɓar kuɗin haya a kan gadon jama'a har abada shi ne ban yarda da shi ba.

Akwai kuma abin da hotunan ke faɗa, wanda masu sha'awarsu ba su cika son a tayar ba. Tun da Antoine Galland ya fara fitar da Dare Dubu da Ɗaya cikin Faransanci a 1704, masu zanen Turai ke zana Bagadaza daga ɗakunansu. Edward Lane, wanda ya zauna a Alƙahira, ya yi ƙoƙari a fassararsa ta wajen 1840 ya sa mai zanensa William Harvey ya bi tufafi da gine-ginen Masar na gaskiya. Da yawa ba su damu ba. Rawanin Indiya, takalmin Turkiyya, rufin Sin, duk a hoto ɗaya. Mafi muni shi ne yadda ake zana baƙar fata a yawancin irin waɗannan littattafai: bawa ne kullum, da leɓe da ido da aka kumbura don a yi dariya ko a ji tsoro. Mai shirya littafi don yara dole ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya. Yana da damar ya bar wanda bai dace ba. Abin da ba shi da dama shi ne ya gyara a ɓoye, ya shafe mutum ko ya ƙara mayafi, sannan ya rubuta sunan Dulac a ƙasa kamar haka ya zana. Idan an taɓa hoto a faɗa an taɓa.

Wannan ya kawo mu gida. Labari yana iya canza riga. Abubakar Imam ya ɗauko labarai daga Grimm da Dare Dubu da Ɗaya a ƙarshen shekarun 1930 ya sa musu babbar riga da rawani a Magana Jari Ce, har mai karatu ba ya jin baƙuntarsu. Zane ba ya yin haka, dajin da aka zana a Suwidin dajin Suwidin ne. Dodannin John Bauer ɗan Suwidin masu dogon hanci, zaune a kan duwatsu masu gansakuka, ba Dodon tatsuniyarmu ba ne, kuma manna su a littafin Gizo da Ƙoƙi don kawai kyauta ne ha'inci ne ga yaro da kuma mai zanen da ke raye yana neman aiki. Abin ɗauka daga mutanen nan shi ne hanyar aikinsu. Tsakanin 1902 da 1904 Bilibin ya zaga arewacin Rasha yana ɗaukar hoton gine-ginen katako, yana tattara tufafi da kayan saƙa na ƙauye. Crane kuma ya zana abin da injin Evans zai iya bugawa. Mai zanen Gizo da ya zauna ya kalli zanko da dagi da ɗinkin aska takwas, ya kuma tambayi irin takardar da za a yi bugu da ita kafin ya ɗauki alƙalami, shi ne ya gaji Bilibin.

Littattafan kansu, ga wanda Allah ya sa ɗaya ya faɗo hannunsa, suna da abokan gaba sanannu. Na farko mai reza: akwai 'yan kasuwa da ke yanke hotunan su sa a firam su sayar ɗai-ɗai, domin hoto 50 a warwatse ya fi littafi ɗaya kawo kuɗi. A bango kuma rana ta cinye launin, musamman ja da rawaya. Na biyu ruwa. Takarda mai shafin yumɓu idan ta jiƙe ta bushe a manne da 'yar'uwarta, sun zama allo ɗaya ke nan, don haka tun tana jiƙe ake raba shafukan a sa takarda mai shan ruwa a tsakani. Danshin iska idan ya haura kashi 65 fumfuna ta samu gida, kuma ƙulle littafi a leda da damina turara shi ne. Gara da kyankyaso gam ɗin suke bi. Hoton da ya ɓalle kada a kusance shi da salatif, domin gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Ɗan kunun sitacin alkama a bakin gefe ɗaya ya isa, kuma ana iya cire shi da laima daga baya. Siririyar takardar lulluɓin nan ma wani lokaci ita ke yin tsami ta ɓata abin da ke kusa da ita, sai a sa sabuwar takarda marar asid a tsakani, amma kada a yar da ita tunda rubutun hoton a jikinta yake. Wajen ɗaukar hoto kuwa, kada a kifa littafin a kan gilashin sikana a danne, ƙashin bayansa zai karye hotunan su zube. A buɗe shi rabi, kamar digiri 90 zuwa 120, a tallafe bangayen biyu da matashi, a ɗauka da kyamara daga sama, fitila biyu ɗaya dama ɗaya hagu a karkace don kada sheƙin takardar ya haska.

Idan an gama duk wannan, saura layi ɗaya a ƙasan hoton ko a bayan shafin farko: sunan mai zane da shekarun rayuwarsa, sunan masassaƙi idan akwai, littafin da hoton ya fito, maɗaba'a da shekarar bugu, ɗakin karatun da aka samo kwafin, da kalma biyu idan an datse ko an gyara. Da ƙananan haruffa bai fi santimita ɗaya na shafi ba, kuma da shi ne malamin makaranta ko yaron da hoton kyarkecin ya tsaya masa a rai zai iya bin sawu har ya kai ga sauran.